Nomau Mai Kurar Itace da Ajon Gayya

An yi wani mutum, a wani gari da sunansa ya ɓace mini, ana ce masa Nomau. Sana'arsa wasa da 'yan tsana na itace. Yana da wata kura da ya sassaƙa, in ya ja zare sai ta yi hamma. Kakana ya ce har jarirai kan kamu da hammar. Ni dai ban gani ba, amma na sha yin mafarkinta.

A garin akwai masu busa sarewa, akwai 'yan kama masu ba da dariya, akwai mata masu zanen ƙwarya. In kaka ta yi, kowa sai ya kira ajonsa, wato wasan neman gudummawa. Duk a rana ɗaya, ku ji fa, duk a rana ɗaya! Jama'a su tafi wajen kura, sauran su tashi da ƙura a ƙafa.

Nomau ya tara su ya ce, "Mu haɗa ajo ɗaya. Kowace kaka abin da aka samu na ƙungiya ɗaya ne, har ya zagayo."

Barau, babban 'yan kama, ya ce, "Wayo ke nan, Baba! Ka fara ɗauka, baɗi ka ce kura na ciwon haƙori."

Aka yi dariya. Nomau ya ce, "To, ni ne na ƙarshe."

Ku saurara. Rumfar da yake ajiye 'yan tsanarsa yoyo take, gara kuma ta fara shiga. Matarsa Kyauta ta ce, "Malam, kai ake zuwa kallo, kai kuma za ka jira? Gara ta san layi ne?"

Ya ce, "In wanda ake zuwa dominsa ya fara ci, ba wanda zai yarda da tafiyar."

Aka fara da masu sarewa. Nomau ya riƙa jan su gida gida, yana nuna musu masu ba shi. Wannan hatsi yake bayarwa, kada ku roƙe shi kuɗi. Waccan ku faɗa mata abin da za a yi da gudummawarta. Wanda ya bayar, ku koma ku gode masa hannu wofi.

Ana gobe ajon mata masu ƙwarya, sai ga Madugu Cindo, attajirin goro. Ya ce, "Gobe ina da baƙi. Kawo kurarka gidana, jibi in gina maka ɗakin soro."

Nomau ya dubi rumfarsa, ya daɗe yana dubanta. Ya ce, "Madugu, Allah ya ƙara arziki. Goben nan ba tawa ba ce. Amma ka kawo baƙin naka kasuwa wurin ajon, akwai inuwa."

Madugu ya yi fushi, bai zo ba. Kada ku ce zan ce ya dawo. Bai dawo ba.

Da layi ya zo kan Nomau, gara ta gama da kura, tsufa kuma ya hana hannunsa jan zare. Ya aika ya ce a tsallake shi, ba shi da abin nunawa. Barau ya zo da kansa ya ce, "Baba, wa ya tambaye ka wasa? Zauna ka ga abin da ka koya mana."

Suka shiga gari ba tare da shi ba, ƙofa ƙofa. Ranar ajo aka shimfiɗa masa tabarma a gaba, suka yi wasa har la'asar. Da abin da aka samu aka gina masa ɗaki, 'yan tsanar da suka rage suka kwana a bushe. Ya ce a faɗaɗa ƙofa, saboda gangunan 'yan kama su ma ruwa na dukansu.

Irin mutanen da muka fito daga cikinsu ke nan, ina kuma alfahari da su.

Darasin a fili yake: tafiyar gayya ba ta ɗorewa sai mai ƙarfi ya yarda ya jira. Ku 'yan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, ku masu waƙa da zane, kowannenku yana ɓoye lambar wayar mai taimakonsa kamar laya. Ku fito da ita. Wanda ya fi ku jama'a ya koma ƙarshen layi, ya tsaya a nan ko da rumfarsa na yoyo. Allah ya ba mu ikon jira.