Lambar Da Aka Ajiye Da Suna Biyu

Akwai wani mai yankan makulli da mutanen layinsu suke kira Makulli, don cikinsa ma a kulle yake. Ko matarsa ba ta san lambar buɗe wayarsa ba. In ka tambaye shi ina za shi, sai ya ce maka nan kusa.

Wata rana wani da ya kawo gyaran kwaɗo ya faɗa masa cewa kamfanin da yake ajiye masa lambobin waya a intanet ya san duk wanda ya sani, har inda suke zaune. Hankalin Makulli ya tashi. Ya yanke shawarar kwashe lambobinsa ya mayar da su wani rumbun ajiya da aka ce ko masu shi ba sa iya leƙawa.

Ya zaɓi wata rana da ake ruwa, ba ciniki. Ya ja ƙofar shago rabi, ya zauna a bayan injin yanka. Shagon ya yi duhu kamar magariba, alhali ko la'asar ba a yi ba. Makullan da ke rataye a bango suna ta kaɗawa a hankali, shi kuwa bai ji iska ba.

Da ya sauke lambobin sai ya ga sun fi yadda ya sani yawa. Ashe har na tsofaffin wayoyinsa suna nan, da mutanen da ya goge, da waɗanda suka rasu. Yana ja ƙasa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai sabon rumbun ya tsaya, ya rubuto masa tambaya: akwai sunaye biyu masu lamba ɗaya, a haɗe su? Na farko "Baba". Na biyu "Kar a ɗauka 2".

Makulli yana da yaya mace, mai yawan kira da yawan faɗa, har ya ajiye lambarta da sunan "Kar a ɗauka". Shekara shida da suka wuce, ran da ya sayi sabuwar waya, ta yi ta kiransa tun safe yana kallo. Can sai wata lamba mara suna ta shigo har sau uku. Ya ce lallai Yaya ce ta ari wayar wani, ya yi tsaki, ya sa mata "Kar a ɗauka 2".

A ranar mahaifinsu ya rasu a asibiti. Wajen zaman makoki Yaya ta faɗa masa magana mai zafi a gaban dangi, shi kuma don girman kai ya goge ta, ya daina zuwa gidanta.

Yanzu ga lambar nan a gabansa. Ashe sunan Baba ne bai biyo shi sabuwar wayar ba, shi kuma bai taɓa haddace lambar mahaifinsa ba. Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda.

Ya san layin da ya shekara shida ba mai shi ya daɗe da mutuwa. Duk da haka ya danna kira.

Sai lambar ta shiga.

Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, aka ɗauka. Numfashi kawai yake ji, ga ruwa yana dukan kwano. Da ƙyar ya ce, "Baba?"

"Ni ce, auta," in ji muryar Yaya.

Ta ce wayar Baba tana hannunta tun ranar. Duk wata sai ta kira kanta da ita don kar a rufe layin. Ta san lambarta ba za ta taɓa shiga wajensa ba, amma ta Baba wataƙila wata rana ya neme ta.

Ya tambaye ta abin da yake tsoron ji, ko ita ce ta kira shi da wayar a ranar.

"Ba ni ba ce. Shi ya danna da kansa, sau uku. Da ba ka ɗauka ba ya ce a ƙyale ka, aiki ne ya riƙe ka."

Makulli ya kifa kansa a kan injin ya yi kuka irin wanda bai yi ba ran jana'iza. Da ruwa ya tsagaita ya rufe shago, ya nufi gidan Yaya. Tambayar tana nan a fuskar wayar bai amsa ba. Sai da ya isa ƙofarta ya haɗe sunayen biyu, ya bar "Baba".

Darasi: Kare sirrinka daga baƙi abu ne mai kyau, amma kar ka kulle ƙofa har naka su rasa ta shiga. Duba wayarka yau, in akwai ɗan'uwan da ka sa wa "Kar a ɗauka", kira shi tun yana iya amsawa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wani yana buƙatar jin wannan.