Kututturan Gonar Iya Tabawa

Ga ta nan ta iso gare ku, jikokina.

Ta ƙaraso mu ji ta, Kaka!

To, ku gyara zama, kada kowa ya katse ni, domin daki-daki zan jero ta.

A wani gari na bakin kurmi, akwai alkawari tsakanin mutane da itatuwa. In manomi zai yi sassabe, yakan sare itace daidai gwiwa, ya bar kututturen, ya ce, "Ara mini wuri." In ƙasa ta gaji, ya bar ta saura, ya matsa gaba. Kututture ya toho, daji ya dawo. Haka aka yi zamani bayan zamani.

Sai mutane suka yawaita. Da farko aka daina barin saura, don babu wurin matsawa. Na biyu aka zo da auduga, aka ce ba ta son inuwa. Na uku aka zo da garmar shanu. Ita kuwa garma ba ta shiri da kututture, sai aka shiga tone su har saiwa.

Gonar wata tsohuwa, Iya Tabawa, ita kaɗai ta rage da kututture. Ranar nan tana zaune gindin Kaɗanya, aminiyarta tun ƙuruciya, sai ga Maɗaci da kayansa a ka.

"Ina zuwa, Baba Maɗaci?"

"Kudu, Tabawa. An ƙone 'ya'yana." Ya wuce.

Kashegari sai ga Ƙirya da kayanta a ka.

"Ina zuwa, Gwaggo Ƙirya?"

"Kudu, Tabawa. An mai da dangina gawayi." Ta wuce.

Rana ta uku, ta iske Kaɗanya tana ɗaure kaya.

"Haba ƙawata, har da ke?"

Kaɗanya ta ce, "Ɗanki Jatau ya sayi shanu, gobe zai tone gonar nan. A ƙarƙashin kututturan nan muka ɓoye 'ya'yanmu, na Ɗorawa, na Tsamiya, na Taura, da nawa. In an tone su, me zan zauna in yi?"

Tabawa ta dafa ta, ta ce, "Kwance kayanki. Ba ni yini guda."

Da gari ya waye Jatau ya saɓo diga. Ya isa kututture na farko, ya tarar da uwarsa zaune a kai.

"Iya, ɗan tashi in tone."

"Wayyo ƙafata, ɗan nan! Nan nake hutawa in na kawo maka fura. Bar mini shi."

Ya bar mata. Ya nufi na biyu, ya tarar da ita a kai.

"Iya, ba yanzu na bar ki can ba?"

"Wancan na safe ne. Wannan na hantsi."

Ya girgiza kai, ya nufi na uku, ya tarar da ita a kai, tana haki tana waƙa:

"Kututture, kujerata,
Wanda ya taɓa ka ya taɓa ni."

"Wannan kuma na me, Iya?"

"Na azahar. Nan nake ajiye buta."

Haka suka yini, yana tafe tana gabansa, har rana ta yi sanyi. Jatau ya ajiye diga yana dariya, ya ce, "Mai ciwon ƙafa, yau kin fi ni gudu. Don Allah ki gaya mini gaskiya."

Ta kama kansa kamar yadda take yi yana yaro, ta ɗora kunnensa bisa kututture. Can ƙasa ya ji ƙananan muryoyi suna raɗa: "Ruwa ya sauka? Mu fito? Ko har yanzu mai diga yana nan?"

Jatau ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, ya share ido, ya ce, "Shanun za su koyi kewaye."

Ya yi huɗa yana kewaye kowane kututture. Mutanen gari suka yi ta dariya, suna cewa kunyoyin gonar Jatau sun zama tafiyar maciji. Damina ta faɗi, kututtura suka toho. Tabawa ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana rage tohon, tana barin mai ƙarfi ya miƙe.

Shekaru suka shuɗe. Iska ta kwashe ƙasar gonakin da aka share tas, ta bar tsakuwa. Gonar Tabawa da Jatau kuwa ganye ya rufe ta, gero ya tsaya, daddawa da man kaɗe ba su yanke a gidan ba. Masu dariya suka zo roƙon iri, Tabawa ta ba kowa a tafin hannu. Ta tsufa ƙwarai, har ba ta iya tafiya. Kowace safiya Jatau yakan goya ta ya kai ta gindin Kaɗanya, su yini suna hira.

Abin lura, jikokina: in za ku sare, ku bar saiwa, domin ƙasar aro ce, akwai masu jira a ƙarƙashinta.

Ƙurunƙus! Na ɗora ta bisa kan kusu ya tafi da ita. In da ƙarya a ciki, ta Gizo ce.