Tafin Hannun Jatau

An ce wani sarki ya shahara da hangen nesa, har maroƙa suka gaji da faɗa. Abin da ke kusa ne kawai bai cika gani ba.

A al'adar garin, duk kayan da aka sauke a kasuwa, mai ɗiban fada zai cika hannu sau ɗaya, rabon sarki ke nan. Waziri kuwa, da yake mai dabara ne, ya bincike ƙasar kaf ya samo wani Jatau, wanda tafinsa ya kusa faifai, ya ba shi aikin. Kafin shekara biyu fatake suka koma kasuwar maƙwabta. Waziri ya ce maganin abin a gina ƙofa wadda za a hango daga tafiyar yini, a rushe rumfuna goma sha biyu a yi mata fili.

Rumfa ta farko ta Gwamma ce, tsohuwa mai kanwa, shekararta arba'in a wurin. Da ta ga an kafa turke a gaban tabarmarta, ta ɗauki ƙwaryar kanwarta ta nufi fada tana huci.

Sarki ya ce, "Iya, an ce kin kira dabarar Waziri shirme a bainar jama'a."

"Allah ya ba ka nasara, an rage. Abin da na faɗa ya fi haka."

"To ke a wurinki mece ce dabarar kasuwanci?"

"Ya sarki, ka san wanda kake so ya zo, ka san abin da ya kore shi, ka san abin da za ka haƙura da shi don ya dawo. Waziri dai ya san tsawon ƙofa."

Waziri ya ce, "Tsohuwa, ana maganar mulki kina kawo mana kanwa?"

"Ita na kawo, ranka ya daɗe. A kira Jatau."

Jatau ya zo, ya sa hannu sau ɗaya, ƙwarya ta koma rabi.

Waziri ya ce, "Ɗiba ɗaya ne. Ba a karya al'ada ba."

Gwamma ta ce, "Al'ada lafiyarta ƙalau. Falken da ya kwana arba'in cikin rairayi yana jan raƙumi, shi aka karya! Ku ɗaga masa ƙofa, ku tsayar da Jatau a kai, ya hango hannun tun daga nesa, ya huta da ƙarasowa."

Sarki ya dubi ƙwarya, ya dubi hannun Jatau. Sa'an nan ya ce, "Ashe ana zalunci doka na tsaye tana kallo. Mai neman adalci ya dubi abin da ya saura a ƙwaryar talaka."

Aka cire turke, aka ba wani mai hannu irin na kowa aikin ɗiba. Kaka ba ta zagayo ba fatake suka dawo. Waziri kuwa, don kada a ce dabararsa ta faɗi, ya gina ƙofarsa a gabas inda ba rumfar kowa, kuma gaskiya ana hango ta daga tafiyar yini.

Fatake ta yamma suke shigowa. Can rijiya take.