Musayar Surukai

Ke, zauna ki ji yadda aka ƙare da zancen ajin matan nan da aka so rufewa! Wallahi tun da aka ba ni labarin bakina ya ƙi rufuwa.

An ce wai a wani gari mai unguwa biyu, Marina da Majema, ƙaramar hukuma ta buɗe wa mata ajin yaƙi da jahilci. Aka ba su ɗaki a firamare bayan la'asar, aka turo musu malama guda, Malama Rakiya. Cikin masu murna babu kamar wata matar aure a Marina, Hansai, wadda karatunta ya tsaya tun a aji uku. 'Yarta ta shiga makaranta, kullum ta dawo sai ta miƙo littafi ta ce, "Umma, nan me aka ce?" Ita kuwa sai dai ta ce, "Bari babanki ya dawo."

To, a al'adar garin, matar aure ba ta fita sai da babba a gabanta. Saboda haka kowacce da uwar mijinta take zuwa ajin. Hansai da uwar mijinta, Inna Tabawa, benci ɗaya.

Rannan Malama ta rubuta kalma a allo ta ce Inna Tabawa ta karanta. Inna ta duba, ta sake dubawa, ta faɗi wani abu daban. Malama ta ce, "Hansai, gyara mata."

Hansai ta san kalmar nan kamar sunanta. Amma ta gyara wa uwar mijinta magana, a gaban mutane? Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban sani ba, Malama."

Haka aka yi ta yi. Yara sun sani ba sa faɗa, manya kuma ba sa so su yi kuskure a gaban matan 'ya'yansu. Aji ya koma kamar gidan makoki. Can sai manyan suka tsiri ciwon ƙafa, in babba ta zauna kuwa ƙarama ma ta zauna. Benci ya koma na ƙadangaru.

Jami'in da ke kula da ajin ya je ya sami ciyaman, Alhaji Barau, ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan ba sa son karatu. A rufe, a kai malamar wani gari."

Ciyaman ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Matan da suka cika aji da fari, ba ƙin karatu ya kore su ba. Zan je in ji da kunnena."

Ya zo, aka tara mata a ajin. Hansai kuwa ta riga ta ji an ce yau za a tafi da Malama.

Ya ce, "Iyayena, me ya hana ku zuwa?"

Inna Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙafa ce ta matsa mana."

"Dukanku ta kama lokaci guda, Inna? Ni kuwa an ce mini jiya a gidan suna har ƙura kuka tayar."

Manya suka kwashe da dariya. Ya dubi ƙananan, ya ga kowacce kanta a ƙasa, ko murmushi babu. Sai ya ce, "Iyayena, ku taimaka ku leƙa sabon famfon da muka yi wa makarantar nan, ku sa masa albarka."

Fitarsu ke da wuya, sai aji ya kaure kamar an buɗe akurki. Hansai ba ta san sanda ta miƙe ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, don Allah kar a tafi da Malama. Muna so, wallahi muna so. Amma yaya zan ɗaga murya a gaban Inna? In ta faɗi ba daidai ba, ni ce zan gyara? Gara in mutu jahila."

Da manyan suka dawo, jami'in ya ce ai abu ne mai sauƙi, a raba, manya daban yara daban. Wata dattijuwa daga Majema, Gwaggo Lantana, ta yi caraf ta ce, "A ware mu a riƙa ce mana ajin tsofaffi? Kuma wa zai rako yaran? Matan 'ya'yanmu ba sa ratsa kasuwa su kaɗai, ɗan nan, ko gwamna ne ya ce."

To ka ji fa. A haɗa su, babu mai magana. A raba su, babu mai fita. Ciyaman ya juyo wajen manyan. Can ya ce, "Inna Tabawa, matar ɗan Gwaggo Lantana fa, kina jin nauyinta?"

"Wa? Ladiyo? Yarinyar da aka yanke wa cibiya a gabana? In ta yi mini dariya ranƙwashi za ta sha."

"Gwaggo, Hansai fa?"

"Wannan mai bakin tsiwar? Ai ko yanzu sai mu kara."

Sai ya gyara zama ya ce, "Iyayena, kunya ado ce, hukuma ba ta zo ta tuɓe wa kowa adonsa ba. Yi wa yara rakiya kuma mutunci ne, ba zan hana ba. Amma al'ada cewa ta yi a fita da babba, ba ta ce lallai sai uwar miji ba. Saboda haka musaya za a yi. Yau manyan Majema su biya su ɗauki matan Marina. Gobe manyan Marina su ɗauki matan Majema. Ran da yarinya ta fita, uwar mijinta na gida da jikoki. Ran da uwa ta fita, yarinya na gida da tukunya."

Sai Gwaggo Lantana ta rangaɗa guɗa.

Ranar farko da aka fara, Hansai ta karanta layi guda da ƙarfi har ana ji daga waje. Gwaggo Lantana ta ɓata nata, Hansai ta gyara mata, Gwaggo ta kai mata duka da mafici, aji ya ɗauki dariya. Malama ba ta tafi ko'ina ba.

Bayan 'yan kwanaki, da yamma Hansai na tankaɗe a tsakar gida, Inna Tabawa ta zo wucewa da buta. Ba ta dube ta ba, sai ta ce da bango, "An ce wata a gidan nan ta fi kowa a ajinsu. To ta riƙe da kyau, don mu ma namu ajin ba barci muke ba."

Shi ya sa masu hikima suka ce, shugaba na gari ba ya rushe katangar mutane don ya shigar musu da alheri, ƙofar da suka manta da ita yake nuna musu. Don Allah ki kai wa matan unguwarku wannan, in da hali ma ya kai kunnen kansilanku.