Jar Jakar Anti Fulera

Akwai wata mata da aka yi a Nima, cikin birnin Accra, sunanta Fulera, amma babba da yaro Anti Fulera suke ce mata. Daga Nima har Maamobi, in za a yi biki ko suna, ita ake kira ta yi wa amarya ko mai jego kwalliya. Ita kuma take saka wa jariri kwallinsa na farko ranar suna, kamar yadda aka saba a zango, wato unguwannin Hausawan Ghana.

Abin alfaharinta wata jar jaka ce mai zif, wadda ta dawo da ita daga Legas a 1983, shekarar da aka koro 'yan Ghana. A lokacin ko sabulu sai an yi layi. Tun daga nan Fulera ta daina zubar da komai, har abin ya zame mata ciwo. Jan-baki ya ƙare, ta ajiye kwalinsa. Hoda ta daskare, ta ce ai a kankare ta. Shekara tara jakar nan ba ta ga ruwa ba, ba a kuma taɓa zazzage ta ba.

Ku 'yan uwa mata da kuke murmushi, na san ta wasunku ma haka take.

Fulera tana da 'ya ɗaya tak, Alima. Shekara shida da aure Alima ba ta samu haihuwa ba, sai a wannan shekarar Allah ya ba ta ciki. Fulera ba ta da zance sai na ranar da za ta saka wa jikanta kwalli da hannunta.

Ana nan sai aminiyarta Zuera, mai sayar da shinkafa da wake a bakin babbar kwata, ta kwanta ciwo. Har idanunta suka kumbura suna zubar da ruwa. Zuera ta yi imani kwalli ne maganin ido, don haka safe da yamma tana zizara shi daga wani tandun tagulla da kakarta ta bar mata. Haka ta yi ta yi har ranar da ta cika.

Wadda ta yi mata wanka wata tsohuwa ce mutuniyar Nijar, ana kiranta Amama. Al'adarta ce, in ta gama wankan gawa, takan tattara ƙananan abubuwan da suka taɓa jikin mara lafiya, na wankewa a wanke, na ƙonawa a ƙona. Ta tara na Zuera a faranti, ta juya ɗauko ashana. Kafin ta juyo, tandun ya shige jar jaka.

Fulera ba ta ɗauki abin sata ba. A ganinta, tandu mai kyau irin wannan, cike da kwalli, a jefa shi wuta? Ai asara ce.

Bayan sadakar uku, da hantsi, ta zauna a ƙofar ɗakinta ta ciro tandun. Ta lashi tsinken da harshe don kwalli ya kama, kamar yadda take yi wa kowa, ta tsoma, ta zizara a idon hagu. Wani sanyi ya ratsa ta har ƙeya. A take kuma ta ji ƙamshin shinkafa da wake da hayaƙin gawayi, alhali babu mai girki a gidan. Nan take ta mayar da tandun, ba ta ko yi wa idon dama ba.

Amma washegari ta sake. Jibi ma haka. Kullum idon hagu kawai take samu ta yi wa, sai ƙamshin nan ya taso, sai ta rufe tandun.

Cikin mako guda idon ya yi ja, ya fara hawaye. Jakar kuma ta soma yi mata nauyi a kafaɗa. In ta ajiye ta a zuge ta fita tsakar gida, sai ta dawo ta tarar zif ɗin a buɗe kaɗan. Ta ce wa kanta ai zif ne ya tsufa. Ido kuwa, ta ce mahassada ne suka yi mata baki.

Ranar da Alima ta haifi 'ya mace, Amama ta zo barka. Ta dubi idon Fulera, ta dubi jakar, sannan ta ja ta gefe.

"'Yata, abin da kika ɗauka a faranti, na gani. Ban yi magana ba don mutane. Je ki zazzage jakar nan yau, ki wanke ta. Tandun kuma ki kawo mini."

Fulera ta ja tsaki. "Amama, wane tandu? Ni ban gani komai ba koraa, ko kaɗan."

"To naki ido kin ba da. Na jaririyar fa?"

Nan ran Fulera ya ɓaci. "Mai wankan gawa ne zai koya mini kwalliya? Jaka nan ya yi amare ɗari, ko ɗaya bai mutu ba. Ki bar ni, don Allah."

Tsohuwa ta ɗauki sandarta ta tafi. Gaskiya maganar ta tsaya wa Fulera a rai, amma girman kai ya hana ta buɗe jakar.

Ranar suna ta zo. Maza sun gama addu'a a waje, an raba goro da koko da ƙosai, an raɗa wa yarinya suna Luba. Rana ta ɗaga sosai lokacin da mata suka cika ɗakin mai jego. Aka ɗora jaririya a cinyar kakarta.

"Mma, ido naki ya kumbura paa," in ji Alima. "Za ki iya gani?"

"Na iya. Tun ba a haife ki ba nake aiki nan."

Ta ciro tandun tagulla. Ta lashi tsinke, ta tsoma, ta ɗago shi baƙi ƙirin. Jaririyar da take ta motsi sai ta yi tsit, ta buɗe idanu tarwai.

Sai ƙamshin nan ya cika ɗakin. Fulera ta dubi matan, ta ga kowa hirarsa yake, babu wanda ya ji. Hawaye ya rufe mata gani, ta laluba jaka da ɗaya hannun ta ciro ɗan madubinta don ta share.

Fuskarta ce a madubin, ɗankwalinta ne, hancinta ne. Amma idon hagu ba nata ba ne. Ta san idon nan, kwana ashirin ta yi tana goge shi da tsumma. Idon Zuera ne, a kumbure, kuma ba Fulera yake kallo ba. Ƙasa yake kallo, wajen jaririyar. Yana nan yana kallonta, sai ya rufe a hankali, alhali nata biyu a buɗe suke.

Tsinken bai fi tsawon yatsa ba tsakaninsa da idon Luba.

"Amama," ta ce. "Amama yana nan? Ku karɓi yarinya. Ku karɓe shi!"

Tsohuwar tana bakin ƙofa. Ta shigo ta ɗauke jaririyar ta miƙa wa uwarta, ta ce a kawo tsohuwar tabarma tsakar gida.

A gaban matan da ta yi shekaru tana yi wa taƙama, Fulera ta kife jar jaka.

Mata suka kewaye tabarmar. Ga matajin da ya cika da gashin mata iri-iri, har na waɗanda suka daɗe da rasuwa. Ga soson hoda ya yi baƙi ya ƙandare. Ga jan-baki ya narke ya haɗe da gashi da ɓawon goro. Kyankyasai ƙanana suka watse cikin tabarma. Wata amaryar bara ta kama kumatunta ta ce, "Wayyo, da wannan aka shafa mini fuska?"

Amama ta juye tandun a kan takarda. Ba gari ne ya zubo ba. Wani abu ne mai danshi, curi-curi, da furfurar ruɓa a kansa, warinsa ya sa mata toshe hanci.

Fulera ta durƙusa tana kuka, kukan kunya da na tsoro a haɗe. Amama ba ta ce mata "ai na faɗa miki" ba. Ta sa aka ɗora ruwan zafi, ta zauna kusa da ita suna tsincewa. Abin da ya tsira daga wuta bai cika tafin hannu ba. Jakar suka wanke da sabulu har sau uku, suka shanya ta a rana. Luba kuwa, haka aka yi sunanta babu kwalli.

Washegari mijin Alima ya kai Fulera asibitin ido. Likita ya duba, ya ce da ta zo da wuri da an ceto shi. Idon dama ya tsira, na hagu ya tafi, ya koma fari fat.

Ba ta daina kwalliya ba, amma ta sake hali. Kowace Alhamis takan zazzage jaka a tabarma, ta zubar da abin da ya tsufa, ta wanke sauran. Kowace mace da tsinkenta, kuma harshenta bai sake taɓa tsinke ba.

Wata Alhamis, Luba tana da shekara biyar, ta zauna tana kallon kakarta tana wannan aiki. Can ta sa ɗan yatsa ta taɓa mata kunci.

"Kaka, me ya sa ido naki ɗaya fari ne?"

Fulera ta ajiye sabulu. Ta daɗe tana kallon baƙaƙen idanun yarinyar da ɗayan da ya rage mata.

"Da naki ne zai yi haka, Luba," ta ce. "Ni na karɓa miki."

Darasi: Abin da zai taɓa idonki da fuskarki, tsaftarsa ta fi yawansa. Ki riƙa zazzage jakar kwalliyarki, ki zubar da wanda ya tsufa, ki wanke sauran, kada kuma ki haɗa tsinken kwalli da kowa. In an ba ki shawara, ki duba maganar, kada ki raina mai ita. Tura wa 'yar uwarki wannan labari, wataƙila ita ma ta daɗe ba ta leƙa ƙasan jakarta ba.