Wagashin Fulera da Gobarar Jibril

Akwai wata mata a Sokodé mai suna Fulera, sana'arta wagashi, wato cukun nono. A shekarar da zanga-zanga ta yi zafi a Togo ta buɗe shafi a Fesbuk. Ba ta saka komai sai abin da ta koya a ranar: yadda ake gane nonon da aka ƙara wa ruwa, yadda wagashi ke kwana uku bai yi tsami ba. Ran da ya lalace mata ma sai ta nuna, ta ce, "Yau na cika wuta, kada ku yi irin nawa."

Wata shida tana yi, mabiyanta ba su kai ɗari uku ba.

Ƙanenta Jibril yana garin Dapaong, can arewacin ƙasar, tare da mahaifiyarsu, Inna Hawa, yana haya da babur. Shi mabiyansa dubu tara, domin duk hoton hayaƙi ko na gudu da aka turo masa, sai ya saka bai tambayi daga ina ba.

"Yaya, ƙasa na tafasa, ke kina nuna wa mutane tukunya?" in ji shi a waya.

Ta ce, "Tukunyar na sani, Jibril. Kai wanne ka gani da idonka?"

Ya yi dariya ya kashe wayar.

Wata safiya ya saka hoton gobara, ya rubuta cewa kasuwar Sokodé ta ƙone ƙurmus. Hoton na wata ƙasa ne, tsoho ma! Wata maƙwabciya ta nuna wa Inna Hawa. Inna ta kira Fulera, layi bai shiga ba. Tsohuwa mai hawan jini ta yafa mayafi ta shiga motar Sokodé ba ta gaya wa kowa ba.

Ita Fulera tana rumfarta, ta ga matan da ke kawo mata nono shiru, masu saye ma shiru. Da ta ji dalili, ranta ya ɓaci. Ta ɗaga waya ta zaga kasuwa tana ɗaukar bidiyo, ta saka a shafinta.

"Ga ni, ga kasuwa, ga mai tumatur yana hamma. Ina wutar, don Allah?"

Mabiyanta sun san ba ta taɓa yi musu ƙarya ba, suka yi ta turawa. Kafin azahar kasuwa ta cika.

Da la'asar sai ga Inna Hawa, ƙafafu a kumbure, bayan awa bakwai a mota da shingayen bincike. Ta rungume Fulera tana kuka, sannan ta ce a kira mata Jibril.

"Kai ka ga wutar?"

"Inna, turo min aka yi..."

"Ni ma turo ni ka yi, har Sokodé, da wannan ƙafa!"

Cikin mako guda mabiyan Jibril suka watse, masu zagi kawai suka rage. Ya roƙi Fulera ta ba mutane haƙuri a shafinta, wanda yanzu ya haura dubu biyu.

Ta ce, "Haƙuri da bakinka za ka ba su. Bayan nan ka nuna musu yadda ake ɗaure birkin babur. Shi dai ka iya."

Ya yi. Mutum goma sha ɗaya suka kalla, har da Inna.

Darasi: Ka saka abin da ka sani, ko da ƙarami ne. Abin da ba ka gani ba kuwa, ka riƙe yatsanka, domin wanda zai fara cutarwa yana iya zama na gidanku. Ku tura wa duk mai saurin danna "tura".