Magina Biyu da Suka Lanƙwasa Lungu

An ce wani sarki ya mallaki wani tsohon birni mai lunguna karkatattu, waɗanda baƙo kan shiga da hantsi yana neman kasuwa, ya fito da la'asar a bakin marina. Wata rana sarkin nan ya ratsa wani lungu bisa doki, sai indararon wani gida ya kama rawaninsa ya warware shi, ya isa fada da hula kaɗai. Ya fusata matuƙa, ya yi umarni a ja igiya a miƙe kowane lungu, abin da igiya ta taɓa kuwa a rushe shi.

Aka fara da hanyar da ta tashi daga fada zuwa kasuwa, ta fito fetal, ba zaure, ba dakali, ba ko durumi guda. Da aka ja igiya ta biyu sai ta bi ta tsakiyar gidan wani tsohon magini mai suna Barmo, ta ratsa ɗakin da aka haife shi a ciki. Baƙin ciki ya cika shi, ya saɓa rigarsa ya nufi fada.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka, ka hukunta gidaje alhali masu laifin suna yawo."

Sarki ya ce, "Su wane ne masu laifin?"

Barmo ya ce, "Magina biyu ne suka lanƙwasa lungunan nan, kuma duk sun girme ni. Ɗaya a sama take zaune, ɗaya a cikin ido."

Sarki ya ce, "Kawo mini su!"

"Ba sa amsa kira, ranka ya daɗe, sai dai a je musu da ƙafa."

Sarki ya ce, "To, mu je. In ban gan su ba kafin azahar, da gidanka za a fara."

Suka hau sabuwar hanya da tsakar rana. Ba su yi taku ɗari ba gumi ya jiƙa sarki sharkaf, ya waiga dama da hagu yana neman inuwa, babu ko ta tsaya wa akuya. Barmo ya nuna sama ya ce, "Ga ta farko, ya sarki." Sarki ya harare shi ya ce, "Rana na san ta. Ina ta biyun?"

Nan fa Barmo ya shiga addu'a a zuci, don ya fito ne da fatan wani talaka ya yi kiciɓis da surukinsa a gaban sarki, ga hanya kuwa wayam. Yana cikin addu'a sai ga wata tsohuwa can ƙarshen hanya tana dogara sanda. Ashe Iya Tasalla ce, mahaifiyar uwargidan sarki.

Sarki ya nemi inda zai ratse, babu. Sun riga sun ga juna, sarauta kuwa ba ta ɗauke wa mutum kunyar suruka. Ya tuɓe takalma ya durƙusa a kan yashi mai zafi. Tsohuwa tana tafe kamar mai ƙirga tsakuwa, har ta tsaya ta gyara ɗankwali sau biyu. Da ta iso ta ce, "Sannu da rana. Ina gajiya? Ya mutan gida? Ya tarin jikata Uwani, ya lafa?" Sarki yana "Lafiya lau, Iya," yana ɗaga wannan ƙafa yana sauke waccan, har sai da ta tambayi lafiyar dawaki.

Da ta wuce, Barmo ya sunkuyar da kai don ya ɓoye dariya, ya ce, "Ga ta biyu, ya sarki, Kunya ke nan. A tsohon lungu da ka ji ƙarar sandarta ka sha kwana, ba ta gan ka ba, ba ka gan ta ba, kowa da mutuncinsa. Talakawanka kuma kowanne da surukansa, wani har gida huɗu."

Sarki ya zauna daɓas yana fifita tafin ƙafarsa da hannun riga. Ya ce, "Barmo, koma gidanka, ba mai taɓa ko tubali guda. A naɗe igiyar nan a ba masu rijiya. Yau na gane adalci ba miƙe wa mutane hanya ba ne, a'a, a bar wa kowa inuwar da zai tsaya da kwanar da zai kauce."